Idan Mota Ta Ɗau Zafi: Gaskit Ne Ko Ba Shi Ba Ne?

Duk wanda ya taɓa hawa motar haya zuwa gida hutu a watan Afrilu ya san abin: direba ya faka a gefen titi, ya ɗaga bonet, tururi na tashi, ya ce a miƙo jarka. Wani lokacin ruwan ya wadatar. Wani lokacin kuwa gaskit ya riga ya ƙone.

Gaskit siririn faifai ne da ke tsakanin gangar inji da kansa, wato abin da bakanike ke kira tof silinda. Aikinsa raba abu uku: wutar da ke ci cikin silinda, ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Lafiyayyen inji yana aiki ne a wajen digiri 90. In zafi ya wuce kima, kan injin, wanda galibi na alminiyam ne, sai ya lanƙwashe, gaskit ya saki, ukun nan su cakuɗe.

To, ya ake ganewa? Duba salansa: farin hayaƙi mai kauri da bai ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga silinda. Zaro gejin mai: in baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Ruwan lagireto na raguwa kullum, alhali ba inda ke yoyo? Alama ce. Da safe, inji na sanyi, buɗe murfin lagireto ka tayar da mota. Kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa hayaƙin silinda ne.

Alama ɗaya dai ba ta isa a kwance inji ba. Fanka, fambel, famfon ruwa ko toshewar lagireto duk suna sa zafi, kuma gyaransu ya fi arha. Ka ce bakanike ya auna matsin kowace silinda tukuna.

In allura ta doshi ja, faka ka kashe. Kar ka buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan zai feso ya ƙona ka. Kar kuma a kwara ruwan sanyi, ƙarfen na iya tsagewa.

In gaskit ɗin ne, a duba kan injin ko ya lanƙwashe, a goge shi ya daidaita, sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko. In ba haka ba, sabon ma ƙonewa zai yi.