Jirgin bagaruwa da kaskon toka

Ranar da za a sare bagaruwar jirgi ba a shelanta ta. Mai jirgi ya sani, mai gatari ya sani, sai kuwa uwargida da za ta dama musu godogodo tun da asuba. A ƙauyenmu, can gaɓar Bahar Azrak tsakanin Sinnar da Sinja, tsofaffi cewa suke baki ake gudu, kada wani ya yaba itacen tun yana tsaye, jirgin ya zo ya ƙi daina yoyo. Kawuna kuwa dariya yake yi, ya ce ba wani baki, mai gadin daji ake gudu. Shi ma da gaskiyarsa. Dazuzzukan bagaruwar da ke bin kogin, waɗanda Larabawa ke kira sunuɗ, na hukuma ne tun zamanin Ingilishi, da su ake yanka katakon da ake shimfiɗa layin dogo a kai, kuma ba a taɓa su sai da takarda. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya tafi sara da rana tsaka ba, mai takarda da marar ita.

Kakanninmu ba da irin wannan jirgi suka zo ba. Wasu hanyar Makka suka biyo da ƙafa, guzuri ya ƙare suka yada zango, zangon ya zama gari. Wasu Mai Wurno suka biyo, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kudu da Sinnar a 1906. Namu gidan daga Kabi ya fito, masunta ne gaba da baya, kuma abin da suka sani shi ne kwalekwalen da ake fafewa daga gungume guda. Nan suka tarar da jirgin da ake haɗawa katako bisa katako, suka karɓa, suka riƙe shi har mutanen gari suka koma sayen kifi a hannunsu.

Usta ake ce wa mai haɗa jirgi, kamar kowane gwanin aikin hannu a Sudan. Manyansu suna Abu Rof a Umdurman, amma namu ma ba ya kunyata mu. Bagaruwa itace ce mai taurin kai: ja ce, nauyi gare ta kamar dutse, ba ta miƙewa, ba ta ba da dogon katako. Don haka gajeru ake yankawa masu kauri, kowanne da irin karkatarsa, usta ya zauna da gizago yana lallashinsu ɗaya bayan ɗaya. Zai goga gawayi a bakin na ƙasa, ya ɗora na sama, ya ɗaga ya duba inda baƙi ya taɓa, ya sassaƙe wurin, ya sake ɗorawa. Sai ya yi haka sau bakwai a kan katako guda ba ka ji ya yi tsaki ba. Jirgin ba shi da haƙarƙari a ciki. Ƙusa ce ke riƙe da shi, doguwa wadda ta fi tafin hannu, ƙirar maƙeri, a naɗe wuyanta da tsumma a buga ta a karkace daga katakon sama ta nutse cikin na ƙasa. Daga gida kana jin gudumar, kuma wanda ya saba yana gane ranar da aka kai bakin jirgi, don sautin yakan sauya.

Toshe tsagu aikin kowa ne. Wata guda kafin nan mata sun fara tara tsummoki, tsohuwar jallabiya, yagaggen tobi, zanen goyo da ya gaji. A yayyaga su siri-siri, a murza, a tsoma a mai, a cusa tsakanin katako da bakin ƙarfe marar kaifi, a bi da kwalta. A jirgin kakana akwai wuri guda, daidai inda nake zama, da kwaltar ta ɓare wani shuɗin zane mai ɗigon fari ya leƙo. Na san zanen. Na kakata ne, da shi ta goyi mahaifina. In muna tsakiyar ruwa tsoro ya kama ni, wurin nake dannawa da yatsa.

Daga nan a nutsar da jirgin a bakin gaɓa kwana biyu ko uku, katako ya sha ya kumbura, tsagu su matse. Kada kowa ya ruɗe ka, jirgin bagaruwa bai taɓa daina yoyo ɗungum ba. Shi ya sa kayan farko da ake sa masa ita ce ƙwaryar kwarfa, kuma aikin farko da ake ba yaro shi ne kwarfar. Sai katakan zama da ke gicciye, waɗanda su ne kuma ke hana ɓangarorin buɗewa. Sai migdaf guda biyu, dogayen sanduna da aka ɗan faffaɗa bakinsu, a ɗaure su da igiya a jikin turaku, mai tuƙi ya juya wa gabansa baya. Tsofaffinmu ba su taɓa yarda da wannan zama ba. Kakana cewa yake mutumin kirki ba ya tafiya yana kallon inda ya baro, don haka kullum da filafilinsa irin na gida a gefe, da shi yake saɗaɗawa cikin dajin bagaruwa in ruwa ya malale shi a watan Agusta. Sai doguwar gora ta dogarawa, sai dutse mai igiya na tsayar da jirgi. A ƙarƙashin goshin jirgi akwai ɗan lungu da aka rufe, nan tabarma take da fitila da buta, da murhun gawayi da tukunyar jabana ta dafa gahawa, da gishirin kawara. Kawarar nan, da mu da Larabawa suna ɗaya muke kiran ta, kuma har gobe ba a gama musun wa ya ara a wurin wa ba.

A lungun nan ne kuma ake soke laya. Samarin da suka yi karatu daga baya sun yi ta faɗa a kai, wasu gidajen suka bari, wasu suka dai ƙara tura ta ciki inda ido ba ya kaiwa.

Ranar sakin jirgi ana karama. Mai hali ya yanka ɗan akuya, marar hali ya dafa balila, a yi wa yara gumba, a kira gayya, wadda maƙwabta ke ce wa nafir, a turo jirgin bisa gungumai da salati. Wata tsohuwa za ta watsa ɗan hatsi a ruwa. Maƙwabtanmu Larabawa ba sa ɓoyewa, sun ce na 'yan matan ruwa ne da suke kira banatul hur. Namu in ka tambaya sai a ce na kifi ne, a kau da kai.

Akwai kaya guda da ba a nunawa ranar karama, ba a kuma ambatonsa gaban baƙo. Ba kowane jirgi ke da shi ba. Mai fita da asuba ya dawo da hantsi, in ta matsa masa gaɓa yake nema, ya ɗaure jirgi ya haura tudu da butarsa, ya yi nisa da mashaya. Amma wanda zai kwana biyu ko uku yana gadin mamari, ko mai ɗaukar tsoho ko mai jego zuwa Sinja lokacin da kogi ya cika ya yi ja, gaɓa ta zama taɓo ba wurin sauka, wannan dole ya yi tanadi. Na kakana wani kasko ne mai zurfi da murfin katako, yana zaune can ƙarshen jirgi bayan wani ɗan asabari. Kusa da shi buhu ne na toka da aka gauraya da busasshiyar ƙasa da garin katakon da ya zuba a wurin usta. A zuba a gindin kasko tukuna, wanda ya kewaya ya rufe da cikin hannu biyu, ya mayar da murfi. Fitsari ba ya shiga ciki, gwangwaninsa daban, domin jiƙewa ce ke ta da wari. Kakana bai taɓa kiran kaskon da sunansa ba. Ajiya yake ce masa.

Ranar da na fara kwana a ruwa, cikin dare na rasa yadda zan yi, na matsa bakin jirgi a hankali ina tsammanin barci yake.

"Kai, ina za ka?"

"Kaka, nan kawai zan..."

"A bahar? Gobe uwarka a ina za ta cika tulu? Wuce ga ajiya can. Abin tudu, tudu ake mayar wa."

Da muka sauka ni ya ɗora wa kaskon. Muka haura can saman gonar jarf ta bakin kogi, inda ruwa ba ya kaiwa ko a shekarar ambaliya, ya sa na haƙa rami har gwiwa, na juye, na rufe, ya kafa kara a wurin. Ba a taɓa wurin sai shekara ta zagayo. In ta zagayo ƙasar ta zama baƙa mai laushi, ba wari ba komai, nan yake dasa kabewa, kuma kabewar nan ba ta da ta biyu a ƙauyen. Kakata ta san sirrin, shi ya sa ba ta ci, amma tana sayarwa.

Malamai biyu na ƙauyenmu sun daɗe suna ja-in-ja a kan kaskon. Ɗaya ya ce yaya mutum zai yi salla a jirgin da ke ɗauke da najasa. Ɗayan ya ce tana rufe, tana gefe, ba ta taɓa jikinsa ko tufarsa ko tabarmarsa ba, kuma hanin da aka yi na ɓata mashayar jama'a da fitsari a ruwan da ba ya gudu ya fi wannan bayyana. Har suka rasu ba wanda ya sauka daga kan bakansa, kuma duk biyun sun sha shiga jirgin.

Amfanin abin sai da na je wurin 'yan'uwanmu na Jazira na gan shi da idona. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka ja ruwa cikin tur'a, wato magudana, zuwa gonakin auduga, aka ƙara da faɗaɗawar Manakil, filin ya kai wajen fadan miliyan 2. Tur'a ba ta jirgi ba ce, ƙofofin ruwa da gadoji sun datse ta ko'ina. Amma a bakinta dubban mutanenmu suke zaune cikin kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, su ne masu cirar auduga, kuma da yawan kambon ba famfo ba masai. A tur'ar ake sha, a yi wanka, a yi wanki, yara su yi iyo, a bayan gaɓarta kuma ake kewayawa. Ruwan kwance yake, ga ciyawa, ga katantanwa. Ƙwan tsargiya yana fita ne cikin fitsari ko bahayar mai ciwon, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga katantanwa ya yi makonni, ya fito ya huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Na ga yaran da suka ɗauki fitsarin jini alamar girma. A 1979 aka buɗe babban shirin lafiya na Bahar Azrak a Wad Madani don yaƙar tsargiya da zazzaɓin sauro da gudawa, aka yi feshi, aka raba magani, ciwon ya ja baya sosai. Da shirin ya ƙare bayan kamar shekara 10, katantanwa tana nan inda aka bar ta.

Wani ɗan'uwanmu da ke zaune a Ingila ya ba ni labarin mutanen da ke zama cikin dogayen jirage siri-siri a magudanan ruwan ƙasar. Ya ce yanzu abin yayi a wurinsu shi ne masai marar ruwa: fitsari gefe, bahaya gefe, a rufe da garin katako, a ajiye ta zama taki, kuma kuɗi mai yawa suke saye. Na tambaye shi ko suna dasa kabewa.

Jirgin bagaruwa kuwa yana ƙarewa. Na ƙarfe ya shigo, mai walda ya haɗa shi cikin 'yan kwanaki, ba tsumma ba kwarfa, a maƙala masa inji a baya. Ba na zargin kowa, itacen ya yi tsada, ustan ya tsufa, 'ya'yansa sun tafi haƙar zinariya. Masuntanmu da yawa sun koma tafkin madatsar Rusairis, wadda aka gama a 1966 aka ƙara mata tsawo a 2013, can kifi ya fi yawa. Rikicin ƙabilanci na 2022 ya tarwatsa wasunsu, yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya iso har Sinja a shekarar da ta biyo, jiragensu suka koma ɗaukar masu gudu. Kogin kansa tun da Habasha ta fara tare shi a babbar madatsarta a 2020 ba ya yin jan da muka sani, kuma masu jarf suna ƙorafin taɓon da yake bar musu ya ragu.

Zuwana na ƙarshe, kafin yaƙin, ɗan yayana ya ɗauke ni a jirginsa na ƙarfe, fenti kore, da sitika a goshi inda laya take zama da. Jirgin kakana yana kife a tudu, awaki na kwana a inuwarsa. Na leƙa ƙarshen sabon jirgin na ga jarkar fetur da batir, ba asabari.

"In ta kama ka a tsakiya fa, ina ajiya?"

Bai ma gane ba sai da na yi masa bayani. Ya yi dariya har ya saki hannun inji, ya nuna ruwa da haɓa.

"Haba Baba, ga bahar duk faɗinsa."

Muna kawowa mashaya ya rage gudu, don kada igiyar ruwa ta kifar da jarkokin da wata yarinya ke cikawa.