Daga Rijiyar Lemo zuwa Sabon Gari: wace irin tashar juye shara ce za ta iya da Fagge?

A Rijiyar Lemo da ke kan titin Katsina, yaro mai kura ko baro ne ke bi gida-gida yana karɓar shara. Matsalar ita ce inda zai zubar. Idan bolar unguwa ta cika kuma mota ba ta zo ba, shara takan gangara kwata, da damina ta toshe hanyar ruwan da ke bi ta Fagge da Sabon Gari zuwa Jakara.

Kwashe shara a birnin Kano aikin hukumar REMASAB ne. A 2021 gwamnatin Abdullahi Ganduje ta miƙa aikin ga kamfanin Capegate, a 2022 kuma ta soke yarjejeniyar. Sai dai ko wa ya riƙe aikin, lissafin ɗaya ne: motar da ta ɗauki shara daga Fagge ta nufi juji a cikin cunkoso, tafiya ce ke cinye mata yini da mai.

Wannan giɓi ne tashar juye shara ke cikewa. Wuri ne a cikin gari da kura da ƙananan motoci ke sauke kaya su koma aiki nan take, sannan babbar mota ta kwashe gaba ɗaya zuwa juji. Legas tana da irinsu a Simpson da Oshodi da Agege a ƙarƙashin hukumar LAWMA.

Tan nawa za ta ɗauka?

Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya a Afirka kudu da Sahara yana fitar da shara kilo 0.46 a rana. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar Fagge sun kai wajen 200,000. Idan aka haɗa biyun, tan 92 ke nan a kullum. A ce tipa ɗaya tana ɗaukar tan 5, sawu 19 ake bukata. Babbar mota mai tan 20 kuwa sawu 5 ya ishe ta.

Amma wanda ya gina tasha a kan tan 92 ya gina ƙarama. Jama'a sun ƙaru sosai tun 2006. Ga kuma Kantin Kwari da Singa da kasuwar Sabon Gari, inda dubban mutanen da ba a Fagge suke kwana ba ke yini suna barin kwali da leda da ragowar abinci. A ranar tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, sharar unguwanni kan fito lokaci guda. Da damina ta jiƙe ta ƙara nauyi, ga yashin share tsakar gida da na yasar kwata. Don haka da ranar da shara ta fi yawa ake auna girman tasha, a kuma bar filin da zai riƙe ta kwana ɗaya ko biyu idan babbar mota ta lalace.

Yadda ake tsara ginin

A bakin ƙofa ake sa sikelin auna mota, domin da shi ake sanin nauyin abin da ya shigo, da shi ake biyan ɗan kwangila. Ƙofar shiga daban, ta fita daban, kada layi ya fito har titi. Yawanci ginin hawa biyu ne: ana juyewa daga sama, babbar mota na jira a ƙasa. A nan dole gangaren ya zama mai sauƙi, tunda da ƙarfin hannu ake tura kura.

Daɓen kankare ne mai kauri, da rufi saboda ruwan sama, da magudanar da ke tara baƙin ruwan da shara ke tsiyayarwa a wani rami na musamman. A unguwa mai cunkoson gidaje irin Rijiyar Lemo, idan ruwan nan ya shiga ƙasa, rijiyoyin maƙwabta zai nufa.

Ina matsayin 'yan jari-bola?

Tun kafin a yi maganar tasha, 'yan jari-bola da 'yan gwangwan ke tsince roba da ƙarfe da gwangwani, su kai wa diloli a wurare irin su Ƙofar Ruwa, wasu kayan su wuce masana'antun Sharaɗa da Bompai. Duk buhun da suka cire, nauyi ne da ya ragu a kan mota. Tashar da aka ware musu rumfar tsinta a ciki, da safar hannu da takalmi da injin danne roba, za ta rage sawu ta kuma kare su daga allura da kwalba.

Sharaɗi na ƙarshe ya fi ginin wuya: kada shara ta kwana, sai bisa larura. Wannan yana bukatar man dizal da kayan gyara da albashin direbobi a kowane wata. Idan kuɗin nan ya tsaya mako guda, abin da mutanen unguwa za su samu a ƙofar gida shi ne bola mai rufin kwano, da wari da ƙudaje.