Daga Halle zuwa Jos: Lambobin da Babu Rajistar da Za Ta Ɗauke Su

Duk ma'aikacin tarayya da ya taɓa tsayawa layin tantancewa ya san dabarar da ake kama ma'aikatan bogi da ita. Ana kiran suna, mai sunan ya fito. Idan sunaye suka ƙare tare da mutane, adadinsu ɗaya ne, ko da ba a ƙirga ba. Idan kuwa suna ya ragu babu mai amsawa, to, akwai lauje cikin naɗi. Da wannan dabara ce Georg Cantor, malamin lissafi a Jami'ar Halle ta ƙasar Jamus, ya auna abin da ba shi da iyaka, kuma abin da ya gano na cikin darussan da ɗaliban lissafi ke karo da su a Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975.

Darasin yakan soma da abin da hankali ke ƙi. Lambobin ƙirga, 1, 2, 3 har abada, ba su fi masu rabuwa biyu yawa ba, domin 1 na da abokiyarta 2, ita 2 tana da 4, 3 tana da 6, kuma ba wadda za ta rasa abokiya. Haka lamarin yake ga lambobin da ke kan layin awo, wato duk wani tsawo da za a iya nunawa, har da rabi da sulusi da waɗanda alƙalumansu na bayan ɗigo ba sa ƙarewa. A ɗauki sandar awo mai mita 1 da kilomita 1 na titin Bauchi a Jos. Kowane ɗigo a kan sandar, in an ninka nisansa sau 1,000, yana da takwaransa guda a kan titin, kuma babu ɗigon titi da zai rasa nasa a sanda. Titin ya fi tsawo, amma bai fi yawan ɗigo ba. A 1877 Cantor ya nuna cewa ko fili mai tsawo da faɗi bai fi layi ɗaya yawan ɗigo ba.

Nan ne mai saurare zai ce ashe duk rashin iyaka ɗaya ne. Cantor ya rushe wannan zato tun 1874, sannan a 1891 ya kawo hujjar da ta fi sauƙin bi. A ƙaddara wani magatakarda ya yi iƙirarin ya jera dukan lambobin da ke tsakanin 0 da 1 a rajista: ta farko, ta biyu, ta uku, babu ƙarshe. Sai a gina sabuwar lamba. A duba alƙalami na farko bayan ɗigo a lamba ta farko. In 5 ne a rubuta 4, in ba 5 ba ne a rubuta 5. A yi haka da alƙalami na biyu a lamba ta biyu, da na uku a ta uku, a ci gaba. Lambar da ta fito ta saɓa wa ta farko a gurbi na farko, ta saɓa wa ta miliyan a gurbi na miliyan. Tana tsakanin 0 da 1, amma ba ta cikin rajistar. In magatakarda ya sa ta a sahun gaba, a sake yi masa irin wannan aiki, wata ta ɓullo. Ke nan lambobin layi sun fi na ƙirga yawa, alhali dukansu ba su da iyaka.

Ba a karɓi wannan hannu biyu ba. Leopold Kronecker na Berlin, wanda ya koyar da Cantor, ya yi adawa da irin wannan lissafi. Shi kansa Cantor ya rasu a 1918 bai warware tambayar da ta fi ci masa rai ba: shin akwai wani girma a tsakanin na lambobin ƙirga da na lambobin layi? David Hilbert ya sa ta farko a jerin matsalolin da ya gabatar a Paris a 1900. Amsar da ta zo ta fi tambayar ban mamaki. Kurt Gödel a 1940 da Paul Cohen a 1963 sun nuna cewa ƙa'idojin da aka saba gina lissafi a kansu ba za su iya tabbatar da ita ba, ba kuma za su iya ƙaryata ta ba.

Wanda ke duba kasafin jami'o'i a Abuja yana da damar tambayar amfanin wannan duka, kuma tambayar ba ta wauta ba ce. Sai dai a 1936 Alan Turing na Ingila ya ɗauki salon hujjar nan ya nuna cewa babu manhajar da za ta iya duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta kammala aikinta ko za ta yi ta juyawa har abada. Wannan iyaka tana kan kowace kwamfuta, har da waɗanda ke tafiyar da IPPIS, tsarin biyan albashin da gwamnatin tarayya ta soma a 2007. Ɗalibin da ke zaune a aji a Jos cikin sanyin hunturu yana sauya 5 zuwa 4, tushen ilimin kwamfuta yake karantawa, da alli da allo kawai.