Gizo-gizon Rairayi Mai Ido Shida: Dafinsa da Masu Kiwonsa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce ajiye ƙananan halittu masu dafi a cikin ɗakunansu, kamar kunamu da macizai da gizo-gizo iri-iri. Daga cikin abubuwan da suke nema ruwa a jallo akwai wani gizo-gizo na hamada wanda ake kira gizo-gizon rairayi mai ido shida. Wanda ya leƙa akwatin da aka ajiye shi ba zai ga komai ba sai yashi, domin kuwa yawancin rayuwarsa a binne yake yin ta. Amma wannan halitta da ba ta ko son a gan ta tana cikin waɗanda masana suka fi jin tsoron dafinsu a duk dangin gizo-gizo.

Shi dai wannan gizo-gizo ba wani babba ba ne. Jikinsa bai cika wuce santimita ɗaya da rabi ba, idan kuma ya baza ƙafafunsa sai ya kai wajen santimita 5. Jikin nasa a shafe yake, ƙafafun kuma sun baje gefe da gefe irin na ƙaguwa. Galibin gizo-gizo ido takwas gare su, shi kuwa shida ne, an jera su bibbiyu a wuri uku. Ba ya saƙa yana don kama abinci. Abin da yake yi shi ne ya tone rairayi da ƙafafunsa na gaba, ya kwanta cikin ramin, ya watsa yashi a bayansa har ya ɓace, sa'an nan ya yi ta jira. Da zarar ƙwaro ya gifta, motsin yashin zai sanar da shi, sai ya yi wuf ya cafke. A arewacin ƙasar Cile har an taɓa samun wani yana cin ɗan ƙaramin tsaka.

Dabarar ɓuyarsa tana cikin gashin jikinsa. Wani bincike da aka buga a 2007 ya nuna cewa kowane gashi yana da wasu siraran zarurruka waɗanda ƙwayoyin yashi ke manne musu ba tare da wani danƙo ba. Saboda haka launin ƙasar da yake zaune a kai shi ne launinsa. Idan ya yi saɓa yakan fito tas, sai ya sake birgima cikin yashi ya mai da rigarsa. Hatta jakar ƙwansa da siliki da yashi macen ke gina ta, ta manna a ƙarƙashin dutse.

Masana sun daɗe suna kiran dukkansu da suna ɗaya, wato Sicarius, kalmar Latin mai nufin ɗan kisa da wuƙa, wadda masanin nan Walckenaer ya laƙaba musu a 1847. A 2017 ne aka raba su gida biyu. Na Kudancin Amurka da Amurka ta Tsakiya suka ci gaba da amsa sunan Sicarius, na kudancin Afirka kuma, waɗanda ake samu a Namibiya da Afirka ta Kudu, aka mai da musu tsohon sunansu Hexophthalma. Yadda aka yi dangi ɗaya suka kasance a ɓangarori biyu na tekun Atilantika kuwa, masana suna danganta shi da rabuwar nahiyoyin biyu kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Wannan bambancin suna ba batun littattafai kaɗai ba ne, domin kamar yadda za a gani, ya shafi lafiyar mai kiwo.

Yadda dafin ke aiki

Dafin yawancin gizo-gizo da kunamu jijiyoyin laka yake taɓawa, shi ya sa ake jin raɗaɗi nan take. Na wannan dangi daban ne. Yana ɗauke da wani sinadari mai suna sphingomyelinase D, wanda ke farfasa maiƙon da ke cikin tantanin da ya lulluɓe ƙwayoyin halittar jiki. Sinadarin ba kasafai ake samun sa cikin dafin dabbobi ba. An fi sanin sa a wannan dangi, tare da ɗan'uwansu Loxosceles, sai kuma wasu ƙwayoyin cuta. Idan ya shiga fata, garkuwar jiki takan yi wa wurin taron dangi, ƙananan hanyoyin jini su toshe, naman ya mutu ya ruɓe, a bar mutum da gyambon da ke ɗaukar makonni ko watanni kafin ya warke. Idan kuwa ya bi jini, yana iya farfasa jajayen ƙwayoyin jini, ya sa jinin ya riƙa daskarewa a wasu wurare yana kuma tsiyaya a wasu. Abin da ya ƙara muni shi ne cizon irin wannan dangi ba ya cika zafi da farko, sai bayan sa'o'i.

Sunan da wannan gizo-gizo ya yi ya samo asali ne daga gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu cikin shekarun 1980, inda zomayen da dafin ya shiga jikinsu suka mutu cikin 'yan sa'o'i. To, amma zomo daban, mutum daban. Labarai biyu da ake yawan maimaitawa daga kudancin Afirka, na wanda ya rasu da wanda ya rasa hannu, zato ne kawai aka yi, ba a kama gizo-gizon an tantance shi ba. Rahoton da ya fi ƙarfi shi ne na Barazil a 1992, inda nau'in Sicarius tropicus ya ciji wata yarinya mai shekara 17, wurin ya zama gyambo. Ƙarancin waɗannan rahotanni bai nuna dafin ba shi da ƙarfi ba. Halittar ce mai gudun fitina, kuma tana zaune ne inda mutane ba su da yawa.

Binciken da aka buga a 2009 ya gano cewa aikin sinadarin nan ya fi tsanani a dafin nau'o'in Afirka, alhali a wasu nau'o'in Amurka da aka gwada da ƙyar ake ganin sa. Sai dai a 2013 masana a Barazil suka nuna cewa dafin Sicarius ornatus yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam a ɗakin gwaji. Ke nan ba a iya cewa na Amurka duka lami ne. Babu makarin dafi da aka yi musamman don gizo-gizon rairayi. Cibiyar Butantan da ke birnin Sao Paulo tana yin makari na cizon Loxosceles, amma likita a Jamus ko Ingila ba zai same shi a ɗakin magani na asibitinsa ba.

Kiwo da ciniki

A wajen masu kiwo, da wuya a sami halittar da ta fi wannan sauƙin riƙewa. Ƙaramin akwatin gilashi ko na roba, da busasshen yashi mai laushi zurfin 'yan santimita, da murfi mai ƙananan ƙofofin iska, shi ke nan. Danshi ne babban abokin gabarsa. Akan jefa masa gyare ko ɗan kyankyaso jifa-jifa, kuma yana iya yin watanni da yawa bai ci ba bai sha ba. Ƙafafunsa ba sa kama gilashi mai santsi, saboda haka ba ya hawa bango ya tsere. Yana kuma da tsawon rai fiye da yawancin gizo-gizo masu girmansa, don akan ambaci sama da shekara 10.

Wannan sauƙi shi ne tarkon. Wanda ya shekara yana kallon akwatin yashi da ba ya motsi, wata rana zai sa hannu ya ɗauke guntun ƙwaro, alhali bai san inda mai gidan yake kwance ba. Ga shi kuma idan ya firgita yana da gudu ƙwarai. Shi ya sa ƙwararru ba sa taɓa cikin akwatin sai da dogon hantsaki, sukan kulle murfin, su rubuta sunan kimiyya na halittar a jikinsa domin amfanin likita ko mai ceto. Hatsarin ya fi yawa a lokacin sauya masa mazauni, da kuma lokacin da ƙwai suka ƙyanƙyashe, domin 'ya'yan ƙanana ne kuma launinsu ɗaya da yashin da za a zubar.

Sunan da za a rubuta a jikin akwatin ma wata matsala ce. Wanda aka fi sayarwa shi ne Sicarius thomisoides na ƙasar Cile, wanda 'yan kasuwa suka daɗe suna kira Sicarius terrosus. Amma nau'o'in sun yi kama da juna matuƙa, tantance su sai masani ya duba gaɓoɓin haihuwarsu da madubin ƙara girma. Mai saye dai maganar mai sayarwa kawai yake riƙe da ita.

Ana samun su ne ta hanyar intanet da kasuwannin baje kolin dabbobi masu rarrafe, irin wadda ake ci a garin Hamm na Jamus. Wasu a gida aka haife su, wasu kuwa daga daji aka kwaso. Wani nazari na 2022 ya ƙirga nau'o'i 1,264 na gizo-gizo da kunamu da danginsu da ake cinikinsu a duniya, ya kuma nuna kimanin kashi 67 cikin ɗari na waɗanda aka bi sawunsu daga daji aka kamo su. Yarjejeniyar CITES ta kare halittu daga cinikin ƙasa da ƙasa kaɗan ne daga cikinsu ta shafa. Ga halittar da ke jinkirin girma, wadda kuma ba ta yin nisa da dutsen da aka haife ta, mai tara ta yana iya share tudu guda cikin yini ɗaya ta hanyar ɗaga duwatsu kawai.

Dokoki kuwa sun sha bamban. Dokar Birtaniya ta 1976 kan dabbobin daji masu hatsari ta ambaci Loxosceles cikin waɗanda sai da lasin ake ajiye su, ba ta ambaci gizo-gizon rairayi ba. A Jamus batun yana hannun jihohi ne. Jihar North Rhine-Westphalia, inda garin Hamm yake, ta yi dokar dabbobi masu dafi bayan wani kumurci ya tsere daga gidan mai kiwonsa a garin Herne a 2019, har aka kwashe mazauna gidajen da ke wurin na kwanaki. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2021, ta hana talakan gari sayen sababbin dabbobi masu mugun dafi, kuma Sicarius da Hexophthalma suna cikin jerin da ta lissafa.