Wasannin Faɗa na Bidiyo: Abin da Sabon Shiga Zai Fara Koya

A shekarar 1991 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Street Fighter II, kuma a kansa ne wasan faɗa ya samu siffar da aka san shi da ita yau: mutum biyu gaba da gaba, kowa da ma'aunin ƙarfinsa a saman allo, wanda nasa ya riga ƙarewa shi aka ci. Mortal Kombat ya biyo baya a 1992, Tekken kuma a 1994.

Sabon shiga yakan yi ta danna maɓallai barkatai yana tsalle. Zai iya cin sa'o'insa da haka, amma ranar da ya gamu da wanda ya iya tare duka, ko taɓa shi ba zai yi ba. Don haka tarewa ce darasin farko. A Street Fighter da Tekken baya ake ja a kare kai, shi kuwa Mortal Kombat maɓalli ya ware wa aikin. A Street Fighter yawancin hari a tsugune ake tare shi, amma in abokin karawa ya diro ta sama, sai a miƙe tsaye. Wanda ya lafe yana ta tarewa, kama shi ake yi a yi jifa da shi, domin kamu ba ya taruwa. Mai shirin kamu kuma naushi mai sauri kan riga shi.

Daga nan sai lissafin lokaci, wanda a ganina shi ne zuciyar wasan. Allon yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa guda, kuma da waɗannan hotuna ake auna kowane motsi. Ƙaramin naushi a Street Fighter 6 yakan isa cikin hoto 4, na Tekken cikin 10. Babban duka yana da ciwo, amma mai shi yakan daɗe kafin ya dawo daidai. Dubi Shoryuken, naushin nan da Ryu da Ken na Street Fighter suke tashi sama da shi. Idan ka tare shi, mai shi yana can a iska, zai sauko ba shi da kariya ko kaɗan, kai kuwa kana tsaye kana jiransa. Wannan 'yar tazarar ita ce rabonka. Haka taɗiya take in an tare ta. Wanda ya san lokacin ramawa zai ci mutane da yawa ko da dabara biyu kawai ya iya.

Sanin tazara ma haka. Ɗan dambe yakan miƙa hannunsa marar ɗauri yana auna nisan abokin karawa kafin ya saki kwab ɗaya. A allo ma ana tsayawa ne daidai inda ƙafar abokin gaba ba ta kaiwa, a bar shi ya kai wa iska duka, sannan a shiga. In ya gaji ya yi tsalle, a kakkaɓo shi tun yana sama.

Jerin duka da ake kira kombo, wanda shi ne ke ruɗar yara, zai iya jira. Guda ɗaya gajere da hannu ya saba da shi ya wadatar a farko. Ya fi kyau mutum ya zaɓi ɗan wasa guda ya zauna a kansa har ya san tsawon hannunsa da ƙafarsa. Street Fighter 6, wanda ya fito a 2023, ya ma kawo tsarin maɓallai mai sauƙi, inda ake fitar da hari na musamman irin su Hadoken ba sai an murza ƙasa zuwa gaba ba. Wasannin yanzu suna da filin atisaye, inda za ka sa kwamfuta ta riƙa maimaita harin da ya dame ka, kai kuma kana tarewa kana ramawa har hannunka ya kama.