Mafitar Matsi da Hasumiyar Wuta a Matatun Mai

Duk mutumin Ruwan Bago ko Rogo da ya taɓa zuwa madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka gama ginawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, ya san ba a tare kogi sai an bar wa rarar ruwa mafita. Faɗin mafitar nan kuwa da ambaliya mafi muni ake auna shi, ko da za a yi shekaru ba a ga irinta ba. Wannan hikima ita ce tushen tsaron matatun mai, irin ta Kaduna da kamfanin Chiyoda na Japan ya gina, aka buɗe ta a 1980.

A matata, ana dafa ɗanyen mai cikin rufaffun tukwane na ƙarfe, kowace da iyakar matsin da za ta iya jurewa. Sabili da haka akan sa wa kowace bawul, wato wata 'yar ƙofa da sifirin ke dannewa. Da zarar matsi ya kai haddi sai ƙofar ta buɗe da kanta, iskar gas ta bi ta uwar bututu, ta ratsa wani tanki mai ware ruwan mai daga iska, kana ta hau doguwar hasumiya inda wata 'yar wuta da ba a barinta ta mutu ke ƙone ta. Wutar da matafiyi kan hango a saman matata ke nan.

To, yaya ake sanin girman da ya dace? Injiniyoyi sukan jera masifu ɗaya bayan ɗaya: gobara a gindin tukunya, toshewar hanyar fita, yankewar ruwan sanyaya, ɗaukewar lantarki. Kowace sai a lissafa yawan iskar da za ta tilasta fitarwa. Bisa ƙa'idar da aka saba bi, ba a yarda matsi ya haura haddin tukunya da fiye da kashi 10 cikin 100 ba, sai in gobara ce, a nan akan kai kashi 21.

Amma wuyar aikin tana ga ɗaukewar lantarki, domin a lokacin bawuloli da yawa kan buɗe gaba ɗaya, su cunkusa iskarsu cikin bututu guda. Matsin da ya taru a bututun sai ya riƙa tura ƙofofin baya, har bawul na gama-gari ya kasa aikinsa in turin ya wuce kashi 10 na matsin buɗewarsa. Shi ya sa ake siffanta tsarin duka cikin kwamfuta, daga bakin hasumiya a yi lissafi baya-baya zuwa kowane bawul, a kuma auna zafin wutar a kan ma'aikacin da ke tsaye a ƙasa.

Sai dai lissafi kan tsufa. An ƙara ƙarfin matatar Kaduna daga ganga 100,000 a rana zuwa 110,000 a 1986. Duk irin wannan ƙari, a ko'ina aka yi shi, yana wajabta sake lissafi da gwada zane da abin da ke ƙasa. Abin da ya auku a matatar Milford Haven ta Birtaniya ranar 24 ga Yuli, 1994, ya isa darasi. Bayan tsawa ta dagula aiki, tankin ware ruwan mai ya cika ya batse, ruwan ya afka bututun da aka tsara domin iska, bututun ya fashe, mutum 26 suka ji rauni. Bincike ya nuna tun da farko an sauya yadda ake kwashe tankin ba tare da auna abin da sauyin zai haifar ba.

Ashe kenan amincin mafita ba ya tabbata sai ana binciken ta tun ana zaune lafiya, a cire bawul a gwada shi a kan lokaci, a kuma sabunta lissafi bayan kowane gyara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.