Majigin Daƙiƙa 36 Da Ya Sa Miliyoyin Mutane Jiran Shekaru

Daga Wakilinmu

A ranar 10 ga watan Yuni na shekarar 2018, wani kamfanin ƙera wasannin kwamfuta mai suna Bethesda ya tara manema labarai da masu sha'awar wasanninsa a birnin Los Angeles na ƙasar Amurka. Da taro ya zo ƙarshe sai aka nuna musu wani ɗan gajeren majigi wanda tsawonsa bai wuce daƙiƙa 36 ba. Abin da ke cikinsa shi ne hazo, da duwatsu, da wata gaɓar teku, sa'an nan suna ya bayyana: The Elder Scrolls VI. Ba a nuna mutum ko ɗaya ba, ba a faɗi ranar fitowa ba, ba a ma faɗi ƙasar da labarin zai gudana a cikinta ba. Duk da haka zaure ya ɗauki sowa.

A watan Nuwamba na 2025, wato bayan shekara bakwai da 'yan watanni, babban jagoran masu ƙera wasan, Todd Howard, ya shaida wa mujallar GQ cewa har yanzu da sauran tafiya mai nisa, ya kuma roƙi jama'a su ƙara haƙuri. Yaron da ke aji ɗaya na sakandare ranar da aka nuna wancan majigi, a lokacin da aka yi wannan roƙo ya riga ya gama sakandare.

Kafin mu yi nisa ya kamata mai karatu ya san irin wasan da ake magana. Masu sana'ar suna kiran wannan rukuni RPG a taƙaice, mu kuwa za mu kira shi wasan shiga rigar jarumi. Mai wasa yakan zaɓi wani mutum daga cikin labari, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa sana'a, ko mayaƙi, ko boka, ko ɓarawo, sa'an nan ya riƙa yanke masa shawara, labari kuma yana karkata gwargwadon shawarar. Asalin abin ba a kwamfuta yake ba. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da Dungeons & Dragons, wanda ake yi da takarda da fensir da 'ya'yan caca, mutum guda yana ba da labari sauran suna amsawa. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin mai ba da labarin. Wasa guda na irin wannan yakan ci sa'a 100 ko fiye kafin mutum ya ga ƙarshensa, shi ya sa ƙera shi ke cin shekaru da ɗaruruwan ma'aikata.

Dalilin ɗokin jama'a a bayyane yake. Kashi na farko na wannan jerin, Arena, ya fito a 1994, Daggerfall a 1996, Morrowind a 2002, Oblivion a 2006, sai na biyar, Skyrim, ranar 11 ga Nuwamba, 2011. Tazara mafi tsawo a tsakaninsu ita ce shekara shida. Skyrim kuwa ya yi kasuwa irin wadda ba a saba gani ba, domin a 2023 Howard ya ce an sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Ga masu saye a tsaye da kuɗi a hannu, ga kuma shiru tun 2011.

Masu Karatun Duwatsu

Inda labari ya yi ƙaranci, shaci-faɗi shi ke cika gurbi. Tun daren da aka nuna majigin masu sha'awa suka shiga tsayar da hotunansa ɗaya bayan ɗaya, suna gwada siffar gaɓar tekun da taswirar Tamriel, wato nahiyar ƙage da dukan labaran ke gudana a cikinta. Mafi yawansu suka tsaya a kan cewa wurin Hammerfell ne, ƙasar wasu baƙaƙen mayaƙa da ake kira Redguard, masu lanƙwasassun takubba, waɗanda hamadar Alik'r ke tsakiyar ƙasarsu. Waɗansu suka ce a'a, maƙwabciyarta ce High Rock, waɗansu suka ce duka biyun ne. A ƙarshen 2020 kamfanin ya saki gaisuwar sabuwar shekara da hoton taswira da 'yan kyandirori a kanta, nan ma aka duƙufa ana auna inda kowane kyandir ya faɗa. A ganina zancen Hammerfell ya fi sauran ƙarfi, kuma zan so a ce haka ne, ko don a ga yadda za su zana hamada da ayarin fatake. Amma so daban, sanarwa daban, kuma majigin bai ambaci sunan ƙasar ba.

Akwai abin da ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan. A 2018 aka gano cewa ZeniMax, uwar kamfanin Bethesda, ta nemi rajistar wani suna, Redfall. Nan da nan masu hasashe suka haɗa lissafi: farkon sunan daga Redguard, ƙarshensa daga Daggerfall, ashe ke nan an gano laƙabin kashi na shida. Aka yi ta rubuce-rubuce a kan haka kusan shekara uku. A 2021 gaskiya ta fito. Redfall wani wasa ne dabam na yaƙi da masu shan jini a wani gari na Amurka, wanda reshen Arkane na birnin Austin ke ƙerawa, ba shi da alaƙa ko ta ƙwayar zarra da Tamriel. Ya fito a watan Mayu na 2023, bai karɓu ba, a watan Mayu na 2024 kuma aka rufe reshen da ya yi shi.

Takardun Kotu

Labari mafi nauyi da aka samu game da wasan bai fito daga bakin masu talla ba, daga kotu ya fito. Kamfanin Microsoft ya sayi ZeniMax a kan dalar Amurka miliyan 7,500, aka kammala cinikin a watan Maris na 2021. Da ya zo sayen wani kamfanin, Activision Blizzard, sai hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kai shi ƙara. A zaman watan Yuni na 2023 shugaban sashen Xbox na lokacin, Phil Spencer, ya shaida wa kotu cewa The Elder Scrolls VI yana da sauran shekara biyar ko fiye. A watan Satumba kuma waɗansu takardun shari'ar suka bayyana a intanet, wasunsu bisa kuskure. Ɗaya ta nuna ana sa ran wasan a 2026 ko bayanta, kuma ba a kan na'urar PlayStation ta abokin hamayya Sony ba. Wata tsohuwa, ta 2020, ta sa shi a shekarar kuɗi ta 2024.

A lura da wannan da kyau. Takardun na gaskiya ne, daga cikin gidan suka fito, amma 2024 ta zo ta wuce ba wasa. Zancen PlayStation ma ya raunana, domin daga 2024 Microsoft ya fara kai wasanninsa can. Duk ma'aikacin da ya taɓa ganin kiyasin kasafin kuɗi a farkon shekara, ya kuma ga abin da aka aiwatar a ƙarshenta, ba zai yi mamaki ba. Takardar shiri niyyar ranar da aka rubuta ta kawai take nunawa.

Amma kada a ce duk abin da ya ɓulla ƙarya ne. Ita wannan takarda ta 2020 ta ambaci shirin sabunta Oblivion. Aka yi ta raɗe-raɗi kamfani bai ce uffan ba, sai ranar 22 ga Afrilu, 2025, ya nuna shi ya kuma sa shi kasuwa a rana guda. Labarin ya tabbata, sai dai ya makara da kimanin shekara uku daga lokacin da takardar ta tsara.

Don Wa Ake Sanarwar?

To, me zai sa kamfani ya yi shelar abin da bai fara ginawa sosai ba? Banza ba ta kai zomo kasuwa. A wancan taro na 2018 abin da Bethesda ya zo tallatawa shi ne Fallout 76, wasan da ake yi da jama'a ta intanet, da wani ƙaramin wasa na wayar hannu. Tsofaffin abokan cinikinsa suna fargabar an yi watsi da irin wasan da mutum ke yi shi kaɗai, majigin daƙiƙa 36 kuwa ya kwantar musu da hankali a farashi mai rahusa. Ma'aikatan suna can suna fama da wani aikin, Starfield, wanda bai fito ba sai Satumba 2023, kuma a shekarar ce kamfanin ya tabbatar cewa kashi na shida ya fita daga matakin tsare-tsare. Shi kansa Howard ya amsa a 2023 cewa da zai sake, da bai yi sanarwar da irin wancan gagarumin biki ba.

Bayan masu wasa akwai wasu kunnuwa biyu da ake nufi. Na farko masu hannun jari, waɗanda ke son sanin abin da zai kawo riba nan da shekara biyar. Na biyu ƙwararrun ma'aikata, domin mai zane ko mai tsara manhaja ya fi saurin barin aikinsa in ya san sunan abin da ake gayyatarsa ya gina. Ba Bethesda kaɗai ke haka ba. A Japan an yi shelar Final Fantasy Versus XIII a 2006, bai fito ba sai 2016, da sabon suna Final Fantasy XV. An fara nuna alamar sabon Dragon Age a Disamba 2018, ya fito a Oktoba 2024, daga baya kamfanin EA ya ce mutum kimanin miliyan 1.5 suka yi shi, wato kusan rabin abin da ya sa rai.

Wani lokaci ma alkawarin mutuwa yake yi gaba ɗaya, kuma ba masu jira ne suka fi jin jiki ba. A Janairu 2024 Microsoft ya sallami ma'aikata 1,900 daga sashen wasanni. A Yuli 2025 ya soke Perfect Dark da Everwild, waɗanda aka nuna wa duniya shekaru kafin nan, ya rufe ɗakin aikin da ke ƙera na farkon. Mutane sun ba da shekaru na rayuwarsu ga aikin da ba wanda zai taɓa gani.

Wanda Maciji Ya Sara

Ɗaya babban wasan da ake jira daga ƙasar Poland yake, kuma tarihin masu shi ya bambanta. Kamfanin CD Projekt na birnin Warsaw ya yi suna da The Witcher 3 na 2015, wanda aka gina a kan littattafan marubucin ƙasar Andrzej Sapkowski. Ya yi shelar Cyberpunk 2077 tun 2012, ya ɗaga ranar fitowarsa sau uku a 2020, ya sake shi ranar 10 ga Disamba bayan mutum miliyan 8 sun riga sun biya kuɗi tun ba su gani ba. Wasan ya zo cike da tangarɗa, musamman a kan tsofaffin na'urori, har Sony ya cire shi daga kantinsa na intanet, bai mayar ba sai Yuni 2021. Darajar hannun jarin kamfanin ta faɗi, masu jari suka kai ƙara a Amurka, aka sasanta a kan dala miliyan 1.85. An gyara wasan daga baya har ya samu yabo, amma gyaran ya ci shekaru.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A kan The Witcher IV kamfanin yana auna kalmominsa. A Maris 2022 hoto ɗaya ya saki, na wata lambar wuya a cikin ƙanƙara. A Disamba 2024 ya nuna majigin da ya tabbatar cewa Ciri, 'yar riƙon jarumin baya Geralt, ita ce za ta ja labarin. A Maris 2025 ya gaya wa masu jari kada su sa ran fitowarsa kafin ƙarshen 2026. Da ya nuna wani yanki mai ban sha'awa a watan Yuni na shekarar, sai ya nanata cewa gwajin fasaha ne, ba shi ne wasan ba. Wannan bambanci ƙarami ne a kunne, amma shi ne jama'a suka kasa yi a zamanin Cyberpunk.

Akwai kuma batun aljihu, wanda ya shafi masu karatunmu kai tsaye. Farashin mafi yawan manyan sababbin wasanni ya tsaya a dala 70 a 2025. A 2025 Microsoft ya sa wa The Outer Worlds 2 dala 80, da ƙorafi ya yi yawa ya janye ya koma 70 tun kafin wasan ya fito. A canjin naira na 2025, dala 70 ta haura naira 70,000, wato mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a 2024, ba a ma zo kan kuɗin na'ura da na sauke wasa mai nauyin gigabait 100 da ɗoriya ba. Ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin da zai biya irin wannan kuɗi tun kaya bai iso ba, saboda majigi ya burge shi, ya tuna da mutum miliyan 8 na Disamba 2020. Wasan da ake saukewa ta intanet ba ya ƙarewa a kanti, saboda haka ba abin da mai jiran mako guda zai rasa.

Abin lura shi ne waɗanda suka fi faranta wa jama'a rai a 'yan shekarun nan ba su bi hanyar dogon alkawari ba. Kamfanin Larian na Beljiyam ya buɗe wa masu saye kashin farko na Baldur's Gate 3 tun Oktoba 2020, suna yi suna kawo gyara, har ya kammala a Agusta 2023. Wani ƙaramin kamfanin Faransa, Sandfall, ya nuna Clair Obscur: Expedition 33 a Yuni 2024, ya fitar da shi a Afrilu 2025. Shi kansa Bethesda ya san wannan hanya, domin ya yi shelar Fallout 4 a watan Yuni na 2015, ya sa shi kasuwa a Nuwamba. Babban bikin E3 kuwa, wanda a makonsa aka nuna wancan majigi na daƙiƙa 36, masu shirya shi sun sanar da rufe shi har abada a watan Disamba na 2023, wasan da aka yi wa sowa a gefensa bai ko samu cikakken suna ba.